Tururin Wayar Salula da Ƙwaƙwalwar Ɓera: Me Gwaje-gwajen Suka Nuna?

A shekarar 2003 mujallar Environmental Health Perspectives ta Amurka ta buga rahoton wani gwaji da aka yi a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin. Jagoran aikin, Leif Salford, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne. Shi da abokan aikinsa sun ɗauki ɓeraye 32 irin waɗanda ake kira Fischer 344, suka kasa su huɗu, takwas-takwas. Kashi uku aka zuba su cikin wasu akwatunan ƙarfe na musamman, aka sakar musu tururin wayar GSM na awa biyu, kowane kashi da nasa ƙarfin. Kashi na huɗu ya shiga akwatin amma ba a kunna komai ba. Daga nan aka mayar da su keji, aka bar su kwana kusan 50, sannan aka kashe su, aka yanka ƙwaƙwalwarsu falle-falle, aka rina, aka duba da madubin likita. Masu binciken suka ce sun ga ƙwayoyin jijiya da suka motse suka yi baƙi a ɓawon ƙwaƙwalwa, da sashen hifokamfas mai kula da koyo da tuna hanya, da wasu sassan can ciki. Da gangan suka zaɓi ɓeraye 'yan mako 12 zuwa 26, domin a lissafinsu sun yi daidai da samari da 'yammata masu tasowa, waɗanda ba sa rabuwa da waya.

Ƙanƙantar abin da aka ba ɓerayen ita ta sa rahoton ya karaɗe duniya. Ma'aunin da ake aiki da shi a wannan fage sunansa SAR, wato yawan makamashin da tsoka ke zuƙa, ana lissafa shi da wat a kowane kilo. Dokar Amurka ta hana waya wuce wat 1.6 a kilo a inda ta fi dukan kai. A Turai da sauran ƙasashen da ke bin shawarar hukumar ICNIRP iyakar wat 2 ce. Idan kuma jiki gaba ɗaya ake magana, abin da aka yarje wa jama'a 0.08 ne. Su kansu waɗannan lambobi daga jikin dabbobi aka samo su. Gwaje-gwajen shekarun 1970 da 1980 sun nuna cewa ɓera ko biri da aka horar ya riƙa danna maɓalli don ya samu abinci yakan watsar da aikin idan tururin ya kai wajen wat 4 a kilo, daidai lokacin da zafin jikinsa ya ƙaru da kusan digiri ɗaya. Sai aka raba wannan 4 gida 50 don a bar wa jama'a tazara. To, ɓerayen Lund 0.002 da 0.02 da 0.2 aka ba su. A wannan mataki ba abin da zai ɗumama.

Nan gizo ke saƙar. Igiyoyin rediyo da waya ke aikawa ba dangin tururin ɗaukar hoton ƙashi ba ne, ba kuma na nukiliya ba. Ƙwayar makamashinsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari na ta hasken da ido ke gani ba, don haka ba ta da ƙarfin tsinka haɗin sinadaran DNA kai tsaye. Abin da kowa ya yarda suna yi wa tsoka shi ne ɗumamawa. Idan har sakamakon Lund gaskiya ne, ke nan akwai wata hanyar ɓarna da kimiyya ba ta gano ba, kuma duk dokokin da aka gina a kan zafi sun rushe. Ikirari mai nauyi irin wannan ba ya tsayuwa a kan ɓeraye takwas-takwas sai wasu sun maimaita sun gani.

Kafin a je ga maimaitawar, ya kamata a san cewa ɓera ba ƙaramin mutum ba ne a gaban igiyar rediyo. Tsawon zangon igiyar megahaz 900 santimita 33 ne, jikin babban ɓera kuwa, ban da wutsiya, bai wuce 20 zuwa 25 ba. Wannan kusancin tsawo yana sa jikinsa ya zama eriya mai kama igiyar sosai. Ƙwaƙwalwarsa giram biyu ce, ta mutum ta haura giram 1,300. Tururin waya yakan nutsa 'yan santimita ne cikin tsoka ya raunana, saboda haka a kan mutum gefen da ke kusa da kunne ne ke ɗaukar mafi yawa, amma a ɓera yana ratsa ƙwaƙwalwar dukkanta. Ga shi ba ya gumi kamar mu, ta wutsiya yake fitar da zafi mai yawa. Wanda kuma ya ce kan ɓeran kaɗai zai haska, dole ya cusa shi cikin bututu ya hana shi motsi, wannan takura ita kaɗai tana canza sinadaran jininsa. Shi ya sa rukunin kwatance dole ya sha duk wahalar da rukunin gwaji ya sha, a cikin bututu iri ɗaya, na lokaci ɗaya, bambancin kawai na'urar tana kashe.

Mutanen Lund ba da baƙaƙen ƙwayoyi suka fara ba. Tun farkon shekarun 1990 suke ba da rahoto kan shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a manne suke da juna ƙam, suna barin sukari da iskar oksijin su wuce, suna tare manyan sinadarai da guba. Furotin ɗin albumin, wanda ya fi kowanne yawa a ruwan jini, ba ya tsallakewa sai shingen ya tsage. Tun 1975 Allan Frey a Amurka ya ce ya ga rini ya ɓulla cikin ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka haska. Mutanen Lund suka ce su ma suna ganin ɗigo-ɗigon albumin a wajen jijiyoyi, kuma suka danganta mutuwar ƙwayoyin jijiya da wannan yoyo. Cewa zafi mai yawa na buɗe shingen ba abin musu ba ne. Gardamar a kan matakin da ba zafi take.

Su kuwa baƙaƙen ƙwayoyin, masu nazarin cututtukan ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin su, kuma ba sanin arziki ba. A farkon shekarun 1960 Jan Cammermeyer ya nuna cewa hannun mai bincike kansa yana haifar da su. Yadda ake yi shi ne, a sumar da ɓera, a buɗe ƙirjinsa, a soka allura a zuciya, a wanke jinin da ruwan gishiri, sannan a ɗura sinadarin fomalin ya bi jijiyoyi ya sandarar da ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kanta. Bayan haka sai a dakata, a ba maganin lokaci ya kama. Wanda ya yi gaggawar fasa ƙoƙon, ko ya ɗan danna ƙwaƙwalwar da bakin almakashi, ko ya ja ta da hantsaki kafin ta sandare, zai tarar da ƙwayoyi motsattsu baƙaƙe a daidai wurin da ya taɓa, alhali lafiyarsu ƙalau lokacin da dabbar ke numfashi. Rinin da aka saba amfani da shi ba ya bambance wadda ta mutu da rai da wadda aka ƙuje bayan mutuwa. Akwai kuma tambayar da masu suka suka yi: ƙwayar jijiyar da ta mutu jiki kan share gawarta cikin kwanaki, to me take yi a wurin bayan kwana 50?

A 2009 mujallar Radiation Research ta buga sakamakon ɗakunan gwaji uku da suka ɗaura ɗamarar maimaita aikin: na Masuda da abokansa a Japan, na McQuade a cibiyar binciken sojan saman Amurka da ke Texas, da na Poulletier de Gannes a Bordeaux ta Faransa. Sun yi aiki da irin ɓeran da Lund ta yi amfani da shi, a zango iri ɗaya ko makusancinsa, wasu ma suka ƙara ƙarfin tururin ninkin-ba-ninki. Sun ɓoye wa mai duba madubi ko wane falle na wane rukuni ne. Sun kuma ware ɓerayen da aka ji wa ƙwaƙwalwarsu rauni da gangan, da sanyi ko zafi ko sinadari, domin a tabbatar hanyar binciken tana ganin ɓarna in akwai ta. A waɗannan an gani. A waɗanda aka haska da tururin waya ba a ga yoyon albumin ba, waɗanda suka nemi matattun ƙwayoyi ma ba su samu ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne rahoton da ya fito daga Lund ɗin kanta a 2008: ɓerayen da aka haska awa biyu kowane mako har mako 55 ba su nuna wani bambanci a madubi ba. Da wuya a fahimci yadda awa biyu rak za ta kashe ƙwayoyin jijiya, amma awa 110 ta bar su lafiya.

Labarin DNA ma haka ya bi, sai dai ya fi ɗaci saboda kuɗin kamfani ya shigo ciki. A 1995 da 1996 Henry Lai da Narendra Singh na Jami'ar Washington da ke Seattle suka ce awa biyu na megahaz 2450, a kan wat 0.6 da 1.2 a kilo, yana karya zaren DNA a ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera. Singh ƙwararre ne a hanyar da suka bi, inda ake saka ƙwayar halitta cikin wani abu mai kauri a ja ta da lantarki, karyayyen DNA ya fito baya kamar wutsiyar tauraro. Ɗakin gwajin Joseph Roti Roti a St. Louis, da tallafin kamfanin Motorola, ya maimaita bai samu komai ba. Masu goyon bayan Lai suka ce ai wanda ya biya kuɗi shi ya zaɓi amsa. Zargin ba a iska yake ba, domin wani nazari da aka yi a Jami'ar Bern a 2007 kan gwaje-gwajen da aka yi da mutane ya nuna cewa binciken da kamfanonin sadarwa suka ɗauki nauyinsa su kaɗai ya fi ƙarancin ba da rahoton illa. Amma aikin St. Louis ya tono wani abu da ba ruwansa da wanda ya biya: yadda aka kashe ɓeran yana canza sakamakon. Wanda aka shaƙe da iskar kabon ya fi nuna karyewar DNA a kan wanda aka sare wa kai nan take. Idan 'yan mintocin da ke tsakanin mutuwa da ciro ƙwaƙwalwa za su iya haifar da abin da ake nema, to sai an yi hattara da ƙaramin bambanci. Gwajin da Lai ya yi a 1994, inda ya ce ɓerayen da aka haska suna yawan kuskure wajen neman abinci a akwati mai lungu 12, shi ma ɗakuna biyu sun maimaita a 2004, ɗaya a Strasbourg ɗaya a Amurka, ba su ga bambanci ba.

Duk da haka, wanda ya leƙa mujallu yau zai tarar da ɗaruruwan rahotanni masu cewa waya na lalata ƙwaƙwalwar ɓera, da yawansu daga Turkiyya da Indiya da Iran da Masar, har da jami'o'in Najeriya, inda tun shigowar GSM a watan Agustan 2001 batun ya zama abin so ga ɗaliban sassan nazarin jikin ɗan'adam. Ga misali ɗaya da ake yawan ambata. A Manipal ta Indiya, a 2009, an ajiye waya a kejin ɓerayen Wistar, aka riƙa yi mata filashin sau 50 a rana har mako huɗu, tana kan girgiza ba ƙara. Sannan aka jefa su bahon ruwa mai ɓoyayyen dandamali don a ga ko za su tuna inda yake. Suka fi 'yan uwansu daɗewa kafin su kai wurin. To amma me ya jawo? Ɓera da rana yake barci, gashin bakinsa da tafin ƙafarsa kuwa suna jin ƙaramar girgiza. Dabbar da aka firgita sau 50 kullum har wata guda za ta iya rikicewa ko da babu igiyar rediyo ko ɗaya.

Babbar matsalar wannan salo ita ce ba wanda ya san nawa ya shiga jikin ɓeran. Wayar GSM a megahaz 900 ƙarshen ƙarfinta wat 2 ne, kuma kashi ɗaya cikin takwas na lokaci take aikawa, wato matsakaicinta bai wuce rubu'in wat ba. Ba ta ma tsayawa a nan. Kamar mai hira take: in abokin maganarsa na gefensa ya yi ƙasa da murya, in yana tsallaken rafi ya ɗaga. Inda sabis ke da kyau takan rage ƙarfinta sau ɗaruruwa, kuma ƙarfen sabis ne ke ba ta umarni, ba mai bincike ba. Ɓeran da ya kwanta a jikin wayar da wanda ya laɓe a kusurwa ba abu ɗaya suka samu ba. Galibin masu rahoton sai su kwafi lambar SAR da ke takardar wayar, wadda aka auna a kan gunkin kan mutum wayar na iyakar ƙarfinta, su rubuta ta a matsayin abin da ɓera ya zuƙa. Ba mamaki da bitar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi a 2024, kan lalacewar da sinadaran oksijin ke yi wa ƙwayoyin halitta, ta ce tabbacin da ke cikin tarin rahotannin ƙanƙani ne ƙwarai. Rashin kuɗi uzuri ne a wani ɓangaren, amma ɓoye wa mai duba madubi sunan rukuni ba ya cin ko kwabo, haka ma ajiye wa rukunin kwatance wayar da ke girgiza ba tare da layi ba. Sashen injiniyan lantarki da zai auna ƙarfin igiyar kuwa sau da yawa yana cikin harabar jami'ar.

Gwajin da ba za a yi wa wannan suka ba shi ne na shirin binciken guba na gwamnatin Amurka, NTP, wanda ya ci kusan dala miliyan 30 da sama da shekara goma, aka fitar da rahotonsa na ƙarshe a Nuwamban 2018. An gina ɗakunan ƙarfe 21 a wata cibiya a Chicago, igiyar na karo da bango tana cika ko'ina daidai, ɓerayen na yawo ba takura. An yi amfani da ɓerayen Sprague Dawley, 90 a kowane rukuni na maza da na mata, a megahaz 900, salon GSM da na CDMA, a kan wat 1.5 da 3 da 6 a kilo. Tun suna ciki aka fara, minti goma a kunna minti goma a kashe, jimillar awa tara a rana, har shekara biyu. Matakin sama ya ninka abin da aka yarje wa jikin mutum gaba ɗaya sau 75.

Ga abin da aka samu a ƙwaƙwalwar mazan. Mugun ƙarin da ake kira giliyoma ya fito wa ɓeraye 3 da 3 da 2 a rukunonin GSM uku, sannan 0 da 0 da 3 a na CDMA. A rukunin kwatance babu ko ɗaya. A zuciya abin ya fi fitowa fili: ƙarin ƙwayoyin Schwann, masu lulluɓe jijiyoyi, ya kama 5 a matakin sama na GSM, 6 a na CDMA, rukunin kwatance kuma sifili. Kwamitin ƙwararrun da ya yi bitar aikin a Maris na 2018 ya ɗaga hukuncin zuciya zuwa shaida bayyananniya, na ƙwaƙwalwa kuma ya ce akwai 'yar shaida. A matan da kuma ƙananan ɓeraye, jinsin na cikin ɗaki, da su ma aka gwada, ba a samu abin kamawa ba. Wani reshe na aikin ya ga alamar karyewar DNA a hifokamfas na mazan rukunin CDMA.

Ban ga dalilin yin watsi da wannan ba. Giliyoma da ƙarin Schwann na jijiyar kunne su ne dai cututtukan da wasu nazarce-nazarcen mutane suka yi nuni da su, waɗanda suka sa hukumar binciken sankara ta IARC a Lyon ta saka igiyoyin rediyo a rukunin 2B, na abubuwan da mai yiwuwa su jawo sankara, a watan Mayun 2011. Cibiyar Ramazzini ta Bologna a Italiya ma, da ɓeraye 2,448 da aka haska awa 19 a rana har mutuwarsu, ta ba da rahoton ƙaruwar wannan ƙari na zuciya a mazan matakin sama a 2018. Dacewa irin wannan tana da nauyi.

Amma lambobin ƙwaƙwalwar ba su da ƙwari. 3 da 3 da 2 ba hawa ba ne, alhali an ninka tururin sau huɗu. Rukunin kwatance guda ɗaya ne tak aka gwada GSM da CDMA da shi, kuma rukuni ne mai abin mamaki: kashi 28 cikin ɗari kaɗai suka kai ƙarshen shekara biyun, galibi saboda ciwon ƙoda, yayin da waɗanda aka haska suka kai da kashi 48 zuwa 68. Wato waɗanda aka haska sun fi tsawon rai. Giliyoma cutar tsufa ce a ɓera, wanda ya mutu da wuri bai jira ta ba. Rahoton farko na 2016 ya nuna cewa a gwaje-gwajen NTP na baya kusan 2 cikin 100 na mazan wannan jinsi kan kamu da ita haka kawai. Da ɓera ɗaya ko biyu cikin 90 ɗin nan sun kamu, kamar yadda aka saba, da batun ƙwaƙwalwa bai taso ba. Akwai lissafin da ake gyara bambancin tsawon rai da shi, an kuma yi, sai dai lissafi ba ya maye gurbin rukuni na biyu. Haɗa NTP da Ramazzini shi ma da saura: matakin sama na Bologna kusan wat 0.1 ne a kilo, ƙasa da na saman NTP sau 60. Abin da ke ɓarna a 0.1 ya kamata ya yi ɓarna mai muni a 6, ba 'yan ɗaiɗaiku ba. A ƙwaƙwalwa kuwa ƙaruwar da Ramazzini ta gani a mata take, ba maza ba, kuma ba ta kai mizanin lissafi ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wadda ita ta nemi a yi aikin NTP tun farko, ta ce ba ta yarda a ɗora sakamakon a kan mutane ba.

Bitoci biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi sun fito da fuska biyu. Ta Ken Karipidis da abokansa, a 2024, ta tattara nazari 63 na mutane, ba ta ga alaƙa tsakanin riƙe waya da sankarar ƙwaƙwalwa ba, ko ga waɗanda suka haura shekara goma suna amfani da ita. Ta Meike Mevissen ta Jami'ar Bern, a 2025, ta duba dabbobi ta ce akwai tabbaci mai ƙarfi kan giliyoma da ƙarin zuciya a ɓeraye maza, hukuncin da ya jingina sosai a kan manyan gwaje-gwajen da aka ambata. Ba dole ne su ci karo ba. Ɓeran da aka haska jikinsa duka awa tara kullum tun yana ciki da mutumin da ya kara waya a kunne ba hali ɗaya suke ciki ba.

Ni dai zafi na fi zargi. An zaɓi wat 6 ne don kada zafin jiki ya ƙaru fiye da digiri ɗaya, a ma'aunin da aka dasa ƙarƙashin fata. Gwajin share fage na NTP ya nuna cewa manyan ɓeraye maza, masu nauyi, su suka fi ɗumama, ƙananan ɓeraye kuwa kaɗan. Su kuma mazan nan su ne suka yi ƙari. Dabbar da ba ta gumi, idan za ta riƙe zafin jikinta daidai alhali ana ɗura mata makamashi, sai ta ƙara tura jini zuwa wutsiya, zuciya ta yi aikin da ba ta saba ba, kullum, har tsawon rai. Wannan zai iya bayyana abin da ya sa zuciya ta fi ƙwaƙwalwa nuna alama, da abin da ya sa maza ne kawai. Hasashe ne, amma irin wanda ake iya gwadawa: a dasa ma'aunin zafi can cikin jiki, a riƙa bin bugun zuciya, a ƙara rukunin da aka ɗumama ta wata hanyar da ba igiyar rediyo ba, a tanadi rukunin kwatance fiye da ɗaya. NTP ta gina ƙananan ɗakunan gwaji don bin diddigin irin waɗannan tambayoyi, amma a farkon 2024 ta sanar cewa aikin ya yi wuya, ya kuma ci kuɗi fiye da yadda aka zata, don haka ba ta da shirin ci gaba da shi.